Yadda za ka gane abin da haƙar ma'adinai ta yi wa tururuwar daji

Wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a bakin tsohon ramin haƙar ma'adinai ya san tururuwa ba sa ƙaranci a wurin. Wani lokaci ma sun fi yawa a kan tulin ƙasar da aka zubar fiye da cikin dajin da ke gefe. Nan ne mutane da dama ke ruɗuwa, su ce ai ga ƙwari na ta kai da kawo, ashe ƙasa ta warke. Idan ka durƙusa ka duba da kyau, sai ka tarar duk wannan cincirindo nau'i biyu ne ko uku, alhali a dajin da ba a taɓa ba za ka iya samun gommai a fili mai girma ɗaya. Abin da ake nema shi ne su wa suka tafi, su wa suka zauna, su wa kuma suka shigo daga baya.

Da ido ma kowa ya san ba ɗaya suke ba: kiyashi daban, cinnaka daban, ga shazumami, ga gwano mai wari, ga kwarkwasa da ke tafiya rundunar yaƙi. Masana sun rubuta sunayen nau'i sama da 14,000 a duniya. Abin da ya sa suka dace da wannan aiki shi ne suna da gida tsayayye. Tsuntsu zai iya ratsowa ta filin da aka lalata ya wuce, amma in ka kama tururuwa marar fiffike a wuri, gidanta yana nan kusa. Jonathan Majer na Ostareliya ya yi rubutu a 1983 kan amfani da su wajen auna farfaɗowar ƙasa bayan haƙa, kuma tun daga nan hanyar ta bazu zuwa wasu nahiyoyi.

Da farko, san irin ɓarnar da kake nema

Haƙa ba ta kashe tururuwa ta hanya ɗaya. Mafi muni shi ne kwashe ƙasar sama, domin a cikinta yawancin gidajen suke, da sarauniya da ƙwai, da irin ciyawa da ruɓaɓɓen ganye. In katafila ta share ta, an koma sifili. Abin da ya rage a sarari ƙasa ce ta can ƙasa, ko tsakuwa, ko yumɓu da manyan motoci suka daddanne har ya zama kamar daɓe, sarauniyar da ta sauka a kai ba za ta iya tona rami ba. Sare bishiyoyi yana tafiya da masu zama a sama, irin su Crematogaster da ke ɗaga gindi in an taɓa su, da Oecophylla masu ɗinke ganyaye su yi gida. Sai guba: dalma, ko zaiba da ake kama zinare da ita, ko ruwa mai tsami da ke tsatsowa idan wasu duwatsu masu ƙibiritu suka haɗu da iska da ruwa. Sai kuma baƙi. Motoci da kayan aiki suna shigo da nau'o'in da ba na wurin ba, kuma lalataccen fili shi ne abin da suke so.

Sabana, wato dajin ciyawa mai bishiyoyi jefi-jefi, tana da wani hali da ya kamata ka riƙe tun kafin ka fita. Tururuwarta sun saba da rana da sarari da gobarar daji. Alan Andersen, wanda ya yi aiki a hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, ya daɗe yana nuna cewa yawancin abin da ɓarna ke yi wa tururuwa yana biyowa ne ta yadda ta sauya buɗewar wuri, wato yawan inuwa da sarari. Saboda haka sare 'yan bishiyoyi a kurmi ya fi girgiza tururuwa fiye da sare su a sabana. Amma juya maganar. In aka cika filin sabana da itatuwa masu duhuwa da sunan gyara, su ma 'yan asalin wurin ba za su dawo ba.

Izini da tsaron kai

Nemi izinin masu filin da na hukumar da ke kula da wurin, da takardar tattara samfur in dokar ƙasar ta buƙata. Kada ka je kai kaɗai. Tsofaffin ramuka sukan ɓuya cikin ciyawa, bakinsu kuma yana zaftarewa, musamman bayan ruwan sama. Sa takalmi mai rufe ƙafa, safar hannu, da abin rufe hanci inda ake niƙa dutse, ka kuma wanke hannu kafin ka kai komai baki.

Zaɓen filaye, inda aikin ke gyaruwa ko ya lalace

Ba za ka iya cewa haƙa ta rage tururuwa ba sai kana da abin kwatantawa. In ka yi sa'a ka iso kafin a fara haƙar, ɗauki samfur tun lokacin, ba abin da ya kai wannan daraja. Galibi dai sai bayan an gama ɓarna ake tunawa da mai bincike, sai a nemi dajin da ba a taɓa ba a kusa ya tsaya a matsayin yadda wurin yake a da.

Ware filayenka gida-gida: inda ake haƙa yanzu ko aka daina kwanan nan, tulin ƙasar da aka zubar, wurin da aka yi watsi da shi ya farfaɗo da kansa, wurin da aka gyara aka yi shuka, sai dajin kwatance. In akwai wuraren da aka gyara a shekaru daban-daban, ɗauke su duka ka rubuta shekarun kowanne, domin jera su zai nuna maka ko ana gaba ko an tsaya cik.

Kowane rukuni ya samu aƙalla filaye uku masu nisa da juna. Wannan ne mutane suka fi yi wa ƙwauro, shi ne kuma ya fi rusa sakamako. Tarko sittin a fili ɗaya labarin fili ɗaya suke ba ka, ba na filaye sittin ba. In kuɗi da lokaci sun yi kaɗan, gara ka rage tarko a kowane fili ka ƙara yawan filayen.

Dajin kwatancen ma sai an zaɓa da hankali. Ya kasance irin ƙasarsa ɗaya da ta wurin haƙar, gangarensa ɗaya, kada ka kwatanta tudu mai marmara da fadama. Tambayi yaushe wuta ta ci shi a ƙarshe, dabbobi na kiwo a ciki ko a'a, ana sarar itace ko ba a yi. In daji ya sha kiwo da sara har ya rame, kwatanta shi da filin haƙa zai sa haƙar ta fito da fuska mai kyau da ba ta cancanta ba. Ka kuma nisanci baki-baki, ka shiga ciki kamar mita 50 zuwa 100 daga hanya ko iyakar haƙar in girman wurin ya bari. Rubuta nisan kowane fili daga daji mafi kusa, za ka ga amfaninsa a gaba.

Lokaci

Tururuwa sun fi motsi idan akwai ɗumi da danshi, don haka damina ta fi ba da nau'o'i da yawa, amma ruwa mai ƙarfi yana cika tarko ya ɓata komai. In za ka iya, yi zagaye biyu, ɗaya da damina ɗaya da rani. Abin da ba a sassautawa shi ne a ɗauki dukkan filaye cikin kwanaki ɗaya ko makusanta. Wanda ya yi filin haƙa a wannan wata ya yi daji bayan wata biyu, yanayi ya auna.

Dasa tarkon rami

Tarkon rami shi ne ƙashin bayan aikin a sabana, tunda yawancin tururuwar a ƙasa suke kiwo. Ƙaramin kofin roba ne mai santsi a ciki, faɗin bakinsa kamar santimita 4 zuwa 7, duka girmansu ɗaya. Tsarin da ya yi suna a binciken Ostareliya shi ne tarko 15 a kowane fili, layi uku, biyar-biyar, mita 10 tsakanin tarko da tarko, a bar su a buɗe awa 48.

Tona rami daidai girman kofin, ka binne shi har bakinsa ya yi daidai da fuskar ƙasa. Kada ya ɗago ko da kaurin farce ne, domin kiyashi in ya ci karo da baki sai ya kewaye. Mayar da ƙasa da ganyen gefen yadda ka same su. Dabara mai sauƙi ita ce ka sa kofi biyu, ɗaya cikin ɗaya, ka binne su tare, sannan ka zare na cikin da ƙasar da ta zuba masa, na wajen ya rage da tsabta.

Sabuwar ƙasar da aka tona tana jawo wasu nau'o'in, su cika tarko a ranar farko fiye da yadda suke a zahiri. Maganinsa shi ne ka rufe kofunan da murfi ka bar su 'yan kwanaki, wurin ya lafa, sannan ka dawo ka buɗe. Zuba ruwan adanawa kamar kashi ɗaya cikin uku na kofin. Sinadarin furofilin gilaikol ya fi dacewa don ba ya saurin ƙafewa kuma ba shi da haɗari sosai ga dabbobi. Ɗan'uwansa etilin gilaikol, wanda ake sa wa ruwan lagireto, guba ne mai zaƙi da dabba za ta iya lasa ta mutu. In ba ka samu ko ɗaya ba, ruwan gishiri da ɗigon sabulun ruwa marar ƙamshi zai riƙe na kwana biyu, sabulun shi ke sa su nitse maimakon su yi ta yawo a saman ruwan. Ka kafa ɗan rufi a sama kan tsinke uku, da tazarar da ba za ta tare hanya ba.

A filin haƙa za ka gamu da ƙasar da ko diga sai ta yi da gaske. Kada ka matsar da tarkon zuwa inuwar wata 'yar bishiya saboda can ta fi laushi. In ka yi haka ka zaɓo wa filin wurinsa mafi kyau, ka ɓoye ainihin abin da ka zo aunawa.

Abin da tarkon rami ba ya kamawa

Masu zama a bishiya da masu rayuwa cikin ganyen da ya zube ba safai suke faɗawa kofi ba. Ga na bishiya, shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashin reshe ka buga shi da sanda, bugu iri ɗaya a kowace bishiya. Ga na ganye, tattara duk abin da ke cikin murabba'in mita ɗaya, ka tankaɗe, ka rataye a jakar Winkler, wato jakar ƙyalle mai raga a ciki da kwalba a ƙasa, awa 48, yayin da ganyen ke bushewa ƙwarin za su gangaro cikin kwalbar da ke ƙasa. A sabana mai ƙarancin ganye wannan ba ya ba da yawa, amma a filin da aka shuka itatuwa yana da amfani. Ka ƙara da farauta da hannu na ƙayyadadden lokaci, a ce minti 30 a kowane fili, kana ɗaga duwatsu da gungume. Yi hattara da kunama, da kuma su kansu masu gidan, cinnaka dai ba ta san na gida ba.

Koto kuwa wata tambaya yake amsawa. Ɗora ɗan kifin gwangwani da audugar da aka jiƙa da ruwan sukari a kan farar takarda, ka duba bayan minti 15, 30 da 60. Ba zai ba ka jerin nau'o'in wurin ba, amma zai nuna maka wa ke da iko: wa ya fara zuwa, wa ya kore shi, wa ya mamaye. In nau'i ɗaya ya cinye kusan kowane koto a filin da aka gyara, ka sa masa ido.

A kowane tarko, rubuta kashi nawa na ƙasar tsirara ce, nawa ciyawa ta rufe, kaurin ganyen da ya zube, yawan inuwa, da taurin ƙasa. Ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji a auna tsaminta da ƙarafa masu guba in da hali. Ba tare da waɗannan ba za ka iya cewa tururuwa sun bambanta, amma ba za ka iya cewa me ya sa ba.

Kwashewa da tantancewa

Kowane tarko da kwalbarsa, kada ka haɗa. Tace, ka mayar da su cikin itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, ko 95 zuwa sama in za a yi gwajin ƙwayoyin halitta. Rubuta fili, lambar tarko da kwanan wata da fensir a kan takarda, ka jefa cikin kwalbar. Biro yana narkewa, rubutun jikin kwalba kuma yana gogewa, samfurin da ya rasa suna kuwa shara ne.

Tantancewa ita ce ke cin lokaci, sau da yawa fiye da aikin daji nesa ba kusa ba. Kana buƙatar madubin ƙara girma mai ido biyu. Fara da ƙugu, tsakanin ƙirji da ciki: ƙulli ɗaya ne ko biyu? Dangin Myrmicinae, su Pheidole da Monomorium da Tetramorium da Messor, biyu gare su. Camponotus, dangin shazumami, ɗaya gare su. Daga nan ƙirga gaɓoɓin ƙahon ji, ka duba ƙaya a baya, siffar muƙamuƙi da girman ido. Shafin AntWeb yana da hotunan samfura masu kyau da za ka kwatanta da su kyauta.

Ba dole ba ne ka san sunan kowane nau'i. Kai shi matakin jinsi, wato rukunin nau'o'i 'yan'uwan juna kamar Pheidole, sannan ka raba da lamba: Pheidole na 1, Pheidole na 2. Abin ruɗu ɗaya da ke jiran sabon shiga shi ne gida ɗaya yakan fitar da ma'aikata masu siffa biyu. Pheidole suna da ƙanana da kuma sojoji masu ƙaton kai, wanda bai sani ba sai ya ƙirga su nau'i biyu. Cire masu fiffike daga lissafi, don iska na iya kawo su daga ko'ina. Ka manna ɗaya ko biyu na kowane nau'i a kan ɗan kati ka ajiye, sannan ka nemi masani ya duba maka rabon.

Lissafi

Kada ka dogara da ƙirgen kawuna. Tarkon da ya faɗo kusa da bakin gida, ko wanda rundunar kwarkwasa ta bi ta kansa, zai kawo ɗaruruwa a dare ɗaya. Yi amfani da yawan tarkon da nau'i ya bayyana a ciki: wannan a 11 cikin 15, wancan a 2 cikin 15. Sannan zana yadda nau'o'i ke ƙaruwa yayin da kake ƙara tarko. In layin ya kwanta, ka kama yawancin abin da ke wurin. In har yanzu yana hawa, da saura, kuma galibi dajin kwatance ne ke ci gaba da hawa, ma'ana tazarar da ke tsakaninsa da filin haƙa ta fi yadda ka gani. Manhajar R da PAST duk suna yin wannan, har da ƙiyasin Chao na nau'o'in da suka kuɓuce maka.

Yanzu ga zuciyar aikin. A ƙaddara daji ya ba ka nau'i 40, filin da aka gyara ya ba ka 30. Mai son rufe rahoto zai ce an dawo da kashi 75 cikin ɗari. Tambayi nawa ne suka yi tarayya. In 14 ne, jimillar nau'o'in filayen biyu 56 ke nan, 14 cikin 56 kuwa rubu'i ne, 0.25 a ma'aunin Jaccard, mai auna kamannin filaye biyu daga 0 zuwa 1. Sauran 16 ɗin ba 'yan dajin ba ne. Sai dai kada ka sa ran kaiwa 1, don ko dazuka biyu lafiyayyu ba sa zama ɗaya sak. Kwatanta filayen dajinka da junansu tukuna. In su suna haɗuwa a 0.5, to can ne ake so filin gyara ya kai.

Daga nan duba su waye. Rinjayen 'yan cin-da-zuci masu zama ko'ina, kamar Paratrechina longicornis mai dogayen ƙafafu da gudu kamar mahaukaciya, alama ce ta filin da bai warke ba. Pheidole megacephala in ta mamaye wuri takan kori yawancin sauran. Dawowar mafarauta masu zaɓen abinci kuwa labari ne mai daɗi. Megaponera analis gara kawai take farauta, ganinta na nufin garar ta dawo, da busasshen itace da ciyawar da garar ke ci. Ita da kwarkwasa sarauniyarsu ba ta da fiffike, gida rabuwa yake yi su tafi da ƙafa, don haka hanya mai faɗi ko rami mai ruwa zai iya tare su shekara da shekaru. Masu sarauniya mai tashi su ke fara isowa.

Ma'adinar yuraniyom ta Ranger, wadda gandun Kakadu ya kewaye a arewacin Ostareliya, ta koyar da darasi biyu a binciken da Andersen ya wallafa a 1993. Filayen da ke nesa da daji sun yi jinkiri ƙwarai, har fili mai shekara huɗu da ke kusa da daji ya fi mai shekara takwas da ke can tsakiya yawan nau'o'i. Na biyu, itatuwan Acacia masu saurin girma da aka shuka sun rufe wurin da inuwa da tulin ganye, sai farfaɗowar tururuwar ta tsaya a tsakiyar hanya. Daga nesa wurin kore shar, amma ba sabana ba ce.

Abin da za ka ce wa masu gyara

Rahotonka ya ƙare da abin da za a iya yi. In taurin ƙasa ne ya fito a matsayin matsala, a farfasa ta da garma mai zurfi kafin shuka. A sabon wurin haƙa, a kwashe ƙasar sama daban, a kai ta kai tsaye filin da ake gyarawa in zai yiwu, don tulin da ya daɗe a jibge abin da ke raye a cikinsa mutuwa yake. A shuka ciyawar asalin wurin tare da bishiyoyi jefi-jefi, a mayar da gungume da duwatsu, a bar tsibiran daji da ba a taɓa ba a cikin filin haƙar, a kuma duba kayan aiki da tsiron da ake shigowa da su. Inda inuwa ta yi yawa, a rage itatuwa ko a yi ƙona mai tsari ƙarƙashin kulawar waɗanda suka san aikin.

Zagaye ɗaya hoto ɗaya ne. Ɗauki lambobin GPS na kusurwoyin kowane fili, ka kafa ƙarfe a ƙasa, ka dawo bayan shekara biyu ko uku a irin watan da ka yi na farko, da kofi mai girma ɗaya da awa 48 ɗin nan. Katunan samfurinka kuma ka miƙa su ga jami'a ko gidan adana kayan halitta, domin wanda zai zo bayanka ya san wace ce ka kira Pheidole na 2.